Shin birkin sitiyari ya isa riƙe jirgi mai filafilai?

Wani mai karatu da ke shirin bin ayarin jiragen ruwan da ke tashi daga Las Palmas a tsibiran Canary zuwa tsibirin Saint Lucia a yankin Caribbean a watan Nuwamba ya rubuto cewa ya sa wa jirginsa na'urar Hydrovane mai tuƙi da iska, amma birkin sitiyarinsa yana zamewa idan teku ya yi fushi, don haka yana tambaya ko ya sayi sabon birki.

Malam, kada ka yi gaggawar kashe kuɗi. Hydrovane tana da nata allon juya jirgi a baya, shi ya sa ake bukatar babban allon jirgin, wanda sitiyari ke juyawa, ya tsaya cik. Da Monitor ko Aries ka saya, wato wasu na'urorin tuƙi da iska, da ɗaure sitiyari ya zama kuskure, domin su da igiyoyi suke juya sitiyarin kansa.

Birkin da ke jikin yawancin sitiyari matsewa kawai yake yi, kuma an yi shi ne don jirgin da ke tsaye a tasha. Tafiyar mil kusan 2,700 da igiyar ruwa ke dukan allon dare da rana za ta sassauta shi, sabo ne ko tsoho. Abin da na fi yarda da shi shi ne igiya mai kauri wadda ba ta miƙewa, a ɗaura ta a hannun sitiyarin, a ja ta zuwa maɗauri na dama da na hagu, sannan a matse birkin a matsayin ƙari.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne wurin da suke tsayar da sitiyarin. Ba lalle ne ya zama tsakiya ba. Ka fara daidaita filafilai, ka rage su idan iska ta yi ƙarfi, sannan ka tuƙa da hannu na ɗan lokaci har ka gane inda jirgin ke tafiya sak ba tare da ya karkata zuwa ga iska ba. A nan za ka ɗaure, ka manna ɗan tef a hannun da ke sama don ka gane idan ya gusa da dare. Duk lokacin da ka sauya filafilai, sai ka sake dubawa.

Ƙullin kuma ya zama zarge wanda jan hannu ɗaya ke kwancewa, domin idan mutum ya faɗa ruwa ko katafaren jirgin kaya ya tunkaro ku, babu lokacin neman wuƙa.