Cikin jirgi ne ke ɗaukar kaya

Ka ce ka yanko kwano ka ƙera ɗan jirgi siriri mai tsinin baki, ya zauna bisa ruwa lafiya lau, amma da ka ɗora masa dutse sai ya karkace ya nutse. Shi ne kake tambaya ko laifin ƙarfe ne, ko ka koma katako. Yaro, bar kwanonka, ba shi da laifi. Jefa ƙusa a daro, ta tafi ƙasa. Ajiye kwanon tuwo, wanda ya fi ta nauyi nesa, ya tsaya sama. Duk ƙarfe ne, ciki ya raba su.

Ruwa yana tallafar jirgi daidai nauyin ruwan da jirgin ya ture. Ƴan lakwal suna kiran wannan ƙa'idar Arkimidis, wani Bagirke da ya rayu fiye da shekara 2200 da suka wuce. Mu abin da za mu riƙe shi ne lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Saboda haka kafin ka taɓa almakashi, yi lissafi.

Samo kwano mai tsawon santimita 50 da faɗin 40. Ja layi santimita 10 daga kowane gefe, ka tada ɓangarorin huɗu. Ka sami jirgi 30 bisa 20, zurfi 10, wato lita 6. Idan nauyin jirgin da kayansa ya kai kilo 6, ruwa ya zo baki ke nan. Kada ka kai can. Bar santimita 3 a sama, sai ya rage kilo 4 da giram 200. Cire nauyin kwanon, kusan rabin kilo in mara kauri ne, kayanka kilo 3 da rabi da ɗan ɗoriya. Kowane giram 600 zai nutsar da shi santimita ɗaya. Zana layukan a jikinsa da bakin ƙusa, ka ga da idonka ko lissafi ya yi ƙarya.

Kusurwoyin nan kada ka yanke su. Ninke su ka kwantar a gefe, ka bi da gudumar katako a hankali, don duk inda almakashi ya ci a ƙarƙashin ruwa, nan yoyo zai fara. In dole sai ka yi liƙi, kankare wurin ya yi fes kafin dalma, kuma ka wanke hannu kafin cin abinci. Bakin kuwa naɗe shi bisa waya yadda muke yi wa bokiti, in ba haka ba kaya na zama zai buɗe ya lotsa. Ni aikin bakin nan nake fara dubawa a hannun yaro.

Karkacewar da ka gani kuwa daga siranta ne da tsayin kaya. Dutsenka ya ɗara bakin jirgin, nauyi ya hau sama, gindi kuma ba faɗin da zai riƙe shi. In ka je tafkin Madarunfa, lura da masunta: zama suke yi ƙasa cikin kwale-kwale, kaya a tsakiya. Kai ma zuba yashi a ƴan ledoji, ka shimfiɗa su a ƙasa, ka fara daga tsakiya kana rabawa dama da hagu. Tsinin baki na gudu ne, yana cinye maka ciki. Sai ka gama da wannan mu yi maganarsa.

Kafin ka kai shi ruwa, cika shi da ruwa ka ɗora bisa busasshen siminti, ka je ka yi sallar azahar ka dawo. In ka ga danshi, ga inda yake yoyo. Gwaji kuma a daro za ka yi, nan cikin shago. Kada in ji ka kwashi ƙannenka zuwa Gulbi da daminar nan.