Ƙanwata mai son koyon keken BMX daga ƙauye

Kin ce kina tsere da samarin ƙauyenku a wajen Ringim, yanzu kuma BMX kike so, amma babu fili babu mai koyarwa. Wallahi kada ki bari, ƙanwata.

Keken ƙarami ne, tayarsa inci 20, giya ɗaya tak. Ana tseren ne mutum 8 a kan tudu-tudu da kwana, ko minti ɗaya ba ya kaiwa. Ya shiga gasar Olamfik a 2008, kuma a ɓangaren mata 'yar Kolombiya ce, Mariana Pajón, ta ci zinare a 2012 da 2016.

Ki nemi fako, domin yashi yana cinye taya ya kayar da mutum. Ki tara ƙasa, ki yayyafa ruwa ki daɓe, ki yi ƙananan tudu. Fara koyon tuƙi a tsaye, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kina danna keken in zai gangara. Tsalle sai daga baya.

Hular kwano dole ce. Hijabi kuwa gajere, da wando, don dogo yakan shige cikin sarƙa. Ƙaya ma za ta dame ki, ki koyi faci da kanki.

Ki zauna da Baba tukuna, in ya yarda ki riƙa fita da yayanki da sassafe.