Amsa ga 'yar'uwa kan ƙarin da aka gani a ƙwaƙwalwar Baba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce likita ya ga ƙari a ƙwaƙwalwarsa, ya kuma yi maganar gwajin ƙwayoyin halitta, shi ne kike fargabar ko ciwon gado ne da zai bi 'ya'ya.

Ki kwantar da hankalinki. Yawancin sauye-sauyen da ake nema a cikin tsokar ƙarin kaɗai suke, ba a jinin dangi ba. Na gado akwai, amma kaɗan ne ƙwarai.

Amfanin gwajin shi ne a san halin ciwon. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da shi cikin rarrabe ire-iren ƙarin ƙwaƙwalwa, ta ƙara ba shi nauyi a 2021. Giliyoma, wani nau'in ƙarin ƙwaƙwalwa, in tana da sauyi a ƙwayar halittar da ake kira IDH, galibi ta fi tafiya a hankali, mai ita kuma ya fi daɗewa. Ga kuma wata ƙwayar halittar, MGMT: idan aka tarar a kulle take, maganin temozolomide ya fi kama ciwon. Shi wannan magani, haɗe da gashin radiyeshon bayan tiyata, shi ake bi ga giliyoblastoma, mafi zafin ire-iren giliyoma, tun bayan wani bincike na 2005.

Sai dai hoton MRI kaɗai ba ya yanke hukunci. Meninjiyoma, alal misali, wato ƙarin da ke fitowa daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, mafi yawa ba ciwon daji ba ce. Sai an ciro an duba.

Don Allah kada a ɗauki watanni ana jira a gida. Ku kai shi Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika wajen likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, da dukan hotunansa, ku tambayi inda za a tura samfurin don gwajin IDH da MGMT.