Kwalbar jika goma sha biyar, ko barcin Inna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Innata ta haura shekara 65, ita ke jinyar Baba dare da rana tun da ya kwanta. Mura ba ta rabuwa da ita, wuƙa ta yanke ta a yatsa, sati uku bai warke ba. Wani mai talla a babbar kasuwa ya nuna mini ƙwayoyin ƙara garkuwar jiki, jika goma sha biyar. In saya? Daga wata 'yar'uwa a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka wa Inna da alheri. 'Yar'uwa, riƙe kuɗinki.

Abu biyu suka haɗar wa Inna. Akwai shekaru: a bayan ƙashin ƙirji akwai wata 'yar tsoka, taimus, inda ake horar da sojojin jini masu gane sabuwar cuta. Tun daga balaga take motsewa, kitse na cin gurbinta, shi ya sa tsoho ke jinkirin murmurewa. Wannan ba kwalbar da ke mayar da shi. Sai kuma damuwa. In hankali ya tashi, jiki na sakin sinadarin kotisol daga saman ƙoda. Na ɗan lokaci yana da amfani, amma in ya zama kullum sai ya danne sojojin nan. A 1995 masu bincike a jami'ar jihar Ohayo ta Amurka sun gwada mata masu jinyar 'yan'uwansu da tsufa ya taɓa wa ƙwaƙwalwa: ƙaramin rauni ya ɗauke su kusan kwana 9 fiye da sa'o'insu kafin ya warke. Da na karanta wasiƙarki, su na tuna.

Ki fara kai ta likita a auna mata suga, don yatsan nan ya tsaya mini a rai. In tana tari sama da sati biyu, a duba tarin fuka. Canjin ki zuba shi a tukunya: wake, ƙwai, nono, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wanda mu a Maraɗi ba ma rasa shi.

Mai wuyar shi ne ku karɓe ta. Ku raba kwana tsakaninku, Inna ta samu barcin awa 7. Za ta ce ba komai, ita ta saba. Kada ku yarda.

Tambaya: Maƙwabciya ta ce in saya wa tsohuwata deksa don ta ci abinci ta yi ƙiba. Daga Tibiri.

Amsa: Don Allah kada ki saya. Deksametazon ɗan'uwan kotisol ne, ƙibarsa ba ta lafiya ba ce, yana karya garkuwa, yana tayar da suga da hawan jini. In ta daɗe tana sha, kada ta yanke farat ɗaya. Ku je likita a rage mata sannu a hankali.