Me ya sa fuskar kankare ke ɓarewa bayan sanyi?

Tambaya: Assalamu alaikum. A ƙasar da nake zaune ana zubar dusar ƙanƙara, muna barbaɗa gishiri a ƙofar gida don kada a zame. Bara aka zuba daɓen, bana fuskarsa ta fara tashi ɓawo-ɓawo har tsakuwa ta leƙo. Ko simintin jabu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya laifin siminti ne. Kankare ko ya bushe ƙamas, cikinsa cike yake da ƙananan kafofi masu shan ruwa. Ruwa kuwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, in bai sami wurin buɗawa ba sai ya tsaga abin da ya riƙe shi. Dare ya daskare, rana ya narke, kowane zagaye tsagar na ƙara faɗi.

Gishiri na narkar da ƙanƙarar, fuskar daɓen ta jiƙe sharkaf, sanyin dare ya same ta a ƙoshe da ruwa. Abin mamaki, ruwan gishiri tsarara, kamar kashi 3 cikin 100, ya fi mai kauri ɓarna. In akwai rodi a ciki, gishirin kan kai gare shi ya sa tsatsa, tsatsar ta kumbura ta ɓantare kankaren daga ciki.

Amma ɓarewa cikin shekara guda, mun fi zargin ranar zubi. Magini kan yayyafa ruwa don cokali ya yi santsi, ko ya shafe fuskar tun ruwan da ya taso bai janye ba. Fatar sama sai ta fito ba ƙwari.

In za a sake zubi, kada ruwa ya wuce lita 22 a buhu mai kilo 50. A sa sinadarin da ke haifar da ƙananan kumfan iska, wajen kashi 6 cikin 100 na kwaɓin. Nan ƙanƙara ke samun wurin buɗawa. A yi ban ruwa kwana 7, a bar shi ya sha iska wata guda kafin sanyi, a kuma karkata daɓen santimita 2 a kowace mita don ruwa ya gangare.

Wanda ke ƙasa yanzu, ka daina sa masa gishiri, yashi ya isa hana zamewa. In zafi ya dawo, a kankare ɓawon, a wanke, a cike da kwaɓin simintin gyara, ya bushe sannan a shafa sinadarin silane mai korar ruwa.