'Yancin faɗin albarkacin baki na Turawa ne kaɗai?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko 'yancin magana al'adar Turawa ce aka ɗora mana, ko kuwa haƙƙin kowane ɗan Adam ne. Ni a ganina, tushensa na kowa ne, iyakarsa ce kowace al'umma ke shatawa da kanta.

Kafin sashe na 19 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, wanda ya tanadi 'yancin magana, ai muna da zambo da habaici. Maroƙi kan soki mai sarauta a gabansa, a yi dariya a wuce. Ga wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014: abokin wasa zai gasa maka magana, ba damar fushi. Sai dai gaskiya, talaka da ba maroƙi ba bai cika samun wannan sarari a fada ba.

Su ma Turawan bakinsu bai zo ɗaya ba. A Faransa, dokar 1990 ta haramta musun kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, a Amurka kuwa ba a ɗaure mutum kan haka.

Mu nan Damagaram mun ga inda igiya ta tsinke ranar 16 ga Janairun 2015, lokacin da zanga-zanga ta ɓarke kan zanen Annabi (SAW) da mujallar Faransa Charlie Hebdo ta buga. Zanen ya ɓata mini rai ƙwarai, har gobe. Amma maƙwabtanmu Kiristoci da aka ƙone wa majami'u, wanne cikinsu ya yi zanen?