Tambayoyinku: robar taga, daga tsohon jirgin sama har Hiyas ɗin Magaria

Hunturu ya shigo, ƙura ta turnuƙe Damagaram, wasiƙun wannan mako kuma kusan duk a kan taga suke. Bari mu fara da wadda ta fi ban mamaki.

"Baba, ni bakanike ne a Sabon Gari. Wani baƙo ya sauka filin jirginmu da ƙaramin tsohon jirgi, Piper Cub, mai kujera biyu. Tagar hagu da ake zugewa tana kaɗawa tana shigar da iska, gashin da ke cikin layinta ya cinye. Ya ce in samo masa abin da za a sa. Na ga wata robar mota a kasuwar Dole, da alama za ta shiga. In saya?"

Ɗana, mayar da kuɗin aljihu tukuna. In J-3 Cub ne, an ƙera irinsa ne daga 1938 zuwa 1947 a Amurka, wato ya girmi mahaifinka. Jikinsa bututun ƙarfe ne da aka lulluɓe da yadi, tagarsa kuwa ba gilashin mota ba ce, Plexiglas ne, gilashin roba mai laushi da ke karcewa da wuri. Robar mota an yi ta ne don gilashi mai kauri da tauri. In ta matse wannan, za ta goge shi har ya dushe. In ta yi masa sako-sako, zai ci gaba da kaɗawa cikin iskar kilomita 120 a awa har gefensa ya tsage.

Ciro guntun tsohuwar ka riƙe. Auna kaurin gilashin, da faɗin layin da zurfinsa, da milimita, ba da ido ba. Mai jirgin ya duba littafin kayan gyaransa ya yi odar ainihin abin daga masu sayar da kayan jirgi. Ko zai ɗauki makonni ya jira, jirgi ba ya ruɓewa don ya kwana a ƙasa. Ranar aiki, a fara zare gilashin a ajiye shi can gefe a kan tsumma mai laushi, sannan a kankare tsohon gam da tsinken itace. Kada tina ko fetur ko asiton su kusanci Plexiglas, ko da tururinsu ne, don suna sa shi ya yi ƙananan tsage-tsage da ba su gyaruwa. Duba ƙasan layin ko akwai tsatsa, nan ruwa ke kwanciya. Wajen sa sabuwar kada ka ja ta, tura ta za ka yi a hankali, domin wadda aka miƙe za ta koma tsawonta ta bar maka kusurwa a buɗe. Ka kuma bar wa gilashin ɗan wurin motsi: zafi yana buɗa shi kusan ninki uku na yadda yake buɗa alminiyom, ka kuwa san abin da ranar Afrilu take yi a nan.

Abu na ƙarshe shi ne babba. Jirgi yana da littafi, duk gyaran da aka yi sai an rubuta an sa hannu, mai sa hannun kuma wanda yake da lasisin aikin ne. A Nijar hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasa, ANAC, ce ke kula da wannan. Kai taimako za ka yi, kada ka yarda a ɗora maka abin da ba naka ba.

"Malam, ina jan Hiyas tsakanin Zinder da Magaria. Sau biyu na canza robar tagogi a shekara guda, yanzu ta sake bushewa, fasinja na ta mita. Me ke faruwa?"

Jabu aka sayar maka, Alhaji, sau biyu kuma. Ka yi haƙuri in ɗan daɗe a nan, don abin ya ishe ni.

Maganar da ke kashe mana kuɗi a garin nan ita ce "ai duk roba ce". Ba duk roba ba ce. Ta kirki, wadda kamfanonin mota ke sawa, ana kiranta EPDM, an yi ta don ta jure rana da iska shekara da shekaru. Ta jabu kuwa tsohuwar roba ce da aka niƙa aka cika da gari, ko leda mai tauri da aka yi wa baƙin launi. Ranar da ka saya tana sheƙi. Bazara guda za ta sha, ta ƙandare, ta tsuke, ta fara ɓarɓashi. Sai ka koma wurin mutumin da ya cuce ka, ka sake ba shi kuɗi, har da godiya don ya rage maka ɗari biyar. Lissafa abin da ka kashe: kuɗin roba sau biyu, kuɗin aiki sau biyu, yinin da mota ta yi a garaji ba lodi. Da ka sayi mai kyau tun farko ka yi canji.

Kada kwali ya ruɗe ka. Masu jabu sun fi kowa iya buga tambari, kuma "daga Kano aka kawo" ko "ta Dubai ce" ba shaida ba ce, a can ma akwai mai kyau akwai tarkace. Gwada da hannunka a gaban mai shago. Lanƙwasa ta sosai ka saki: ta kirki tana komawa yadda take, ta banza tana barin farin layi a wurin. Goga ta a farin tsumma, in ta yi baƙi ƙirin ajiye masa kayansa. Karci gashin cikinta da farce, in yana zuba tun yanzu to ba zai ga damina ba. Wadda kuma aka rataye a bakin shago rana na dukanta wata da watanni, ko asali ce ta riga ta ci rabin kwananta. Mai shagon da ya ɓata rai don ka lanƙwasa robarsa ya riga ya ba ka amsa.

Masu gyara ma da nasu laifin. Wani zai karɓi kuɗin asali ya sa jabu, don ya san ba za ka gane ba sai bayan wata shida. Sayo da kanka, ka tsaya a sa a gabanka.

"Tagar motata tana da tauri. Abokina ya ce in shafa baƙin mai ko giris, in kuma liƙa tsohon tiyub da sufa gulu inda ya yage."

Wannan abokin naka, yana da mota? Mai da giris suna kumbura irin wannan roba, sannan su kama ƙura su zama kamar yashin goge ƙarfe. Sufa gulu kuma yana ƙandarewa ya bar farin tabo a gilashi. Wanke layin da ruwa da ɗan sabulu, ka fesa man silikon kaɗan. In ta yage, canza ta.

"Baba, yarona yana da asma. Tagoginmu na alminiyom ne masu zugewa, amma ƙura na shigowa ko a rufe suke. An ce sai na canza su duka, ni kuwa ba ni da hali. Ba na iya barci saboda tarinsa."

Allah ya ba shi lafiya, 'yata, ki kwantar da hankalinki. Da wuya a ce sai an canza taga. A gefen kowane ƙyaure akwai wani siririn gashi mai kama da buroshi, shi ke tare ƙura, shi ne kuma ke cinyewa. Da mita ake sayar da shi wurin masu haɗa tagogi, kuɗinsa bai kai ko kusa da na taga guda ba. Ki sa a zaro guntu a kai musu don a sami faɗinsa daidai. Ki fara da ɗakin da yaron ke kwana, sauran su biyo baya in hali ya samu. Kafin nan, ki nannaɗe tsumma mai ɗan danshi ki shimfiɗa a layin ƙasa da dare, ki riƙa goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Amma taga ba ta maye gurbin magani: in tarin yana hana shi barci ko numfashinsa yana fito, a kai shi likita gobe, kada a jira mai alminiyom.